Wayar da Ta Faɗi Ba Ta Mutu Ba

Ruwan da aka fara a gabashin Kanada ranar 5 ga Janairun 1998 ba na a zo a gani ba ne. Babu tsawa, babu wata iskar kirki, yayyafi ne kawai yake sauka a kan birnin Montiriyal da garuruwan da ke kudu da shi. Sharrinsa yana ga abin da ɗigon ke zama in ya sauka. A can sama iska ce mai ɗumi da danshi da ta taso daga wajen Tekun Meksiko, a ƙasa kuma iska mai tsananin sanyi ta kwanta a kwarin kogin Saint-Laurent ta ƙi gusawa. Ɗigon ruwa yakan ratso wannan iska ta ƙasa, ya yi sanyin da ya isa daskarewa amma bai daskare ba tukuna, sai ya taɓa reshe ko waya ko rufin mota, nan take ya zama ƙanƙara ya manne. Na biye ya hau kan na farko. Kwana biyar ana haka, a ɗan tsagaita a sake komawa, har ruwan da ya sauka ya daskare ya kai milimita 100 a wasu wurare. Wayar da ba ta fi yatsa kauri ba ta koma kamar taɓarya. Manyan turakun ƙarfe kimanin 1,000 suka durƙushe, wanda ya faɗi ya ja na kusa da shi, falwayoyin katako wajen 30,000 suka kakkarye. Mutum sama da miliyan 4 suka rasa wuta a lardunan Kwebek da Ontariyo da maƙwabtansu har cikin Amurka, kuma a yankin da ke tsakanin Saint-Hyacinthe da Granby da Saint-Jean-sur-Richelieu akwai waɗanda suka yi wata guda cur a duhu, a tsakiyar hunturu. Gwamnati ta fito da soja fiye da 15,000. A garin Boucherville har kan jirgin ƙasa aka sauke daga dogo, aka tuƙo shi a kan kwalta zuwa ofishin hukumar gari don ya yi aikin janareta.

Wanda ya ji wannan zai ɗauka gawa aka yi ta kwasa. Waɗanda suka rasu a Kanada kimanin 30 ne, kuma in aka bi yadda suka rasu za a ga kaɗan ne ƙanƙarar ta kashe da hannunta. Wasu hayaƙin janareta ko na murhu ne ya ɗauke su a cikin gida, wasu gobara, wasu sun faɗo daga rufi garin sassaƙe ƙanƙara, wasu kuma tsofaffi ne da sanyi ya ci a ɗakunansu. Guguwar hunturu takan ɗauke wuta ta yi gaba, mutuwa kuwa takan biyo baya ne, a kwanakin da mutum ke fafutukar taimakon kansa. Dalilin da nake gani shi ne, abubuwan da ke kisa a irin wannan lokaci duk suna yaudarar gaɓoɓin da mutum ya saba dogara da su. Ido yakan ce waya ta mutu, hanci ya ce iskar ɗaki lafiya lau take, jiki ma ya ce sanyin ya fara sauƙi, alhali duk ƙarya suke yi. Saboda haka wanda ya bari sai ya shiga duhu sannan zai auna abu da idonsa da hancinsa ya makara. Abin da ke fitar da mutum shi ne 'yan ƙa'idojin da ya riƙe tun wuta na nan, ya kuma bi su ko da hankalinsa na gaya masa cewa yau kam babu bukata.

Mu fara da wayar da ke kwance a titi, domin nan ne tunanin mai hankali ya fi saurin kai shi ga halaka. Lissafinsa mai sauƙi ne: unguwa duk duhu, ga waya ta tsinke, ba ta tartsatsi, ba ta ƙara, ashe babu wuta a jikinta. Kowane mataki na wannan lissafi yana da rami. Duhun gidaje yana nuna wuta ba ta isa gidajen ba ne kawai, bai ce komai ba game da ɓangaren wayar da har yanzu ke haɗe da tasha. Fiyus da sauran na'urorin kariya suna yanke layi ne in sun ji wuta mai yawa ta kwarara lokaci guda, to wayar da ta faɗa kan kwalta ko daskararriyar ƙasa takan zubar da wuta kaɗan ce, wadda ba ta isa ta sa na'urar ta farga ba. Kaɗan ɗin nan a wajen na'ura ke nan. A wajen zuciyar ɗan Adam, abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na amfiya guda ba ya isa ya rikita bugunta. Sannan kamfanonin wuta suna ɗora wa layukansu wata na'ura mai maido da wuta da kanta, saboda yawancin matsalolin layi na ɗan lokaci ne, kamar reshen da ya taɓa waya ya faɗi. Na'urar takan yanke, ta jira 'yan daƙiƙu, ta sake gwadawa. Ma'aikacin da ke zaune a ɗakin sarrafa layuka, mil da yawa daga wurin, shi ma yana iya tura wuta a kowane lokaci bai san akwai mai tsaye kusa da wayar ba. Wayar da ta mutu da gaske a minti ɗin nan tana iya farfaɗowa a na gaba, kuma babu sallama.

Akwai hanya ta ƙarshe da ta fi sauran ban takaici, domin maƙwabci ne ke buɗe ta. Taransifomar da ke kan falwaya aikinta shi ne ta rage dubban bolt na layin titi zuwa 120 da 240 da gidajen Amurka da Kanada ke amfani da su. Amma ita ba ta san gaba da baya ba. In wani ya jona janaretarsa a soket ɗin bango ba tare da ya raba gidansa da layin kamfani ba, wutar takan fita ta mita, ta shiga taransifoma ta baya, ta fito a matsayin dubban bolt a kan wayar da kowa, har ma'aikacin da ya hau gyara, yake ɗauka matacciya ce. Ma'aikatan layi sun rasa rayukansu ta haka, shi ya sa ba sa taɓa waya sai sun gwada ta, sun kuma ɗaure ta da ƙasa. In mutumin da ya shekara ashirin a kan falwaya bai yarda da idonsa ba, ban ga hujjar mai wucewa ba.

Ba ma sai an taɓa wayar ba. Inda ta haɗu da ƙasa, wuta takan bazu ta kowace fuska, ƙarfinta na raguwa da nisa, kamar yadda zafin murhu ke raguwa in mutum yana ja da baya. Abin da ke tura wuta cikin jiki shi ne bambancin ƙarfi tsakanin wurare biyu da jikin ya taɓa. Shi ya sa tsuntsu ke zama a kan waya lafiya, tunda ƙafafunsa biyu a abu ɗaya suke. Mutumin da ya buɗe taku kusa da wayar da ta faɗi kuwa, ƙafarsa ɗaya tana inda ƙarfin ya fi, ɗayar tana inda ya ragu, sai wutar ta hau ta wannan ta sauka ta waccan. Makiyaya sun san wani abu mai kama da haka ko da ba su san sunansa ba: in tsawa ta faɗi kusa da garke, shanu sukan zube fiye da mutane, domin tazarar da ke tsakanin ƙafafun saniya na gaba da na baya ta fi takun mutum. Daga nan ne ƙa'idar da kamfanonin wuta na Kanada ke nanatawa ta samo asali, cewa a tsaya aƙalla mita 10 daga wayar, kamar tsawon babbar motar safa, kuma wanda ya tsinci kansa a kusa ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan, kada ya ɗaga, kada ya ruga. Tazarar ta shafi duk abin da wayar ta taɓa: shingen ƙarfe, jiƙaƙƙen reshe, ruwan da ya kwanta. 'Yan Najeriya ba su manta da Afrilun 2017 ba, lokacin da babbar waya ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba, mutum aƙalla bakwai suka rasu, babu wanda a cikinsu ya je ya kama waya. Haka in waya ta faɗo kan mota, na ciki ya zauna ya kira agaji, domin ƙarfen motar yana bi da wutar ta gefensa, haɗarin yana daidai lokacin da ƙafarsa ta taɓa ƙasa hannunsa na jikin ƙofa. Sai in motar ta kama da wuta ne zai yi tsalle ya dira da ƙafafu a haɗe, bai taɓa mota da ƙasa lokaci guda ba.

Mai karatu zai ce, to in ɗan'uwanka ne kwance kusa da wayar fa, tsayawa za ka yi kana auna mita? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ba ta da daɗi. Dabarar da aka koya mana ta ture waya da busasshiyar sanda an yi ta ne don wutar cikin gida. Layin titi yana ɗauke da dubban bolt, kuma a ranar ruwan ƙanƙara babu busasshen icce a waje; tsintsiya, reshe, igiya, safar hannu ta gida, duk wuta na bi ta cikinsu. Wanda ya ruga ceto yakan faɗi kafin ya isa, sai masu agaji su tarar da mutum biyu maimakon ɗaya, kuma babu wanda ya rage ya buga waya. Taimakon da ke aiki shi ne a kira lambar gaggawa, 911 a Amurka da Kanada, a hana wasu matsowa, a yi ta yi wa wanda ke ƙasa magana kada ya motsa, har kamfani ya yanke layin. Na san zuciya ba ta son wannan. Shi ya sa nake cewa shawara ce da ake yankewa tun kafin ranar, domin a ranar tausayi ne zai yi hukunci.

A cikin gida kuma hanci ne ke cin amana. A watan Fabrairun 2021 sanyi ya sauko jihar Teksas, inda ba a saba da shi ba, tashoshin samar da wuta da bututun gas suka daskare, hukumar ERCOT mai kula da layukan jihar ta ba da umarnin a yanke wa jama'a wuta don kada tsarin gaba ɗaya ya rushe. Shugabanta ya ce daga baya saura minti 4 da daƙiƙa 37 ne hakan ta faru. Gidaje da wuraren sana'a sama da miliyan 4 da rabi suka shiga duhu. A wannan mako mutum fiye da 1,400 suka je asibiti saboda gubar kabon monoksaid, kuma a ƙididdigar hukumar lafiya ta jihar mutum 19 ta kashe. Wasu sun shigo da murhun gawayi falo, wasu sun tayar da janareta a gareji, a Hustan wata mata da yarinya sun rasu bayan an bar mota a kunne cikin gareji don a samu ɗumi. Ita wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da ake ji a hayaƙin janareta na wasu abubuwa ne, kuma garwashin da ya daina hayaƙi, wanda ido ke gani ya yi kyau, yana nan yana fitar da ita. In ta shiga jini takan kama gurbin iskar numfashi da ƙarfin da ya ninka na iskar fiye da sau 200. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, wato daidai abin da mutumin da ya kwana biyu a sanyi zai ɗauka mura ce, ya ja bargo ya kwanta. Ƙaramar janareta guda tana iya fitar da abin da ɗaruruwan motoci ke fitarwa, shi ya sa hukumomin lafiya na Amurka suka ce a ajiye ta a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, kuma buɗe ƙofar gareji bai wadatar ba.

A nan ne Bahaushen da ke zaune a waɗannan ƙasashe zai yi murmushi ya ce, wa zai koya mana zama babu wuta? Gaskiyarsa, ta wani ɓangare. Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya iya tanadin ruwa da tocila da girki ba lantarki fiye da haifaffen Montiriyal. Amma sabo turken wawa ne. Kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki lokacin ɗari yana kisa ko a gida, kuma abin da ke rage ɓarnarsa shi ne ɗakunanmu suna shan iska ta ƙarƙashin ƙofa da bakin rufi. Gidan ƙasar sanyi an gina shi ne musamman don kada iska ta shiga ko ta fita. An ga sakamakon haka a yankin Siyatil a Disambar 2006, bayan wata guguwa ta ɗauke wuta: ɗaruruwan mutane suka sha wannan guba, kuma da yawansu baƙi ne daga ƙasashe masu zafi, har da Somaliyawa, waɗanda suka hura gawayi a ɗaki kamar yadda suka saba. Ba wauta ce ta kai su ba. Ilimi ne na gaskiya da aka ɗauko daga inda yake aiki aka kai shi inda yake kisa.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi, kuma alƙaluman Teksas ɗin ne ke goyon bayansa. Cikin mutum 246 da jihar ta amince sun rasu, kusan kashi biyu bisa uku sanyi ne ya kashe su, ba hayaƙi ba. To ashe wanda ya ce wa uwa mai jariri kada ta hura gawayi, bai ba ta wani abu ba, ya zaɓa mata wata mutuwar ce kawai. Na yarda da rabin wannan magana: hani kaɗai ba shawara ba ce. Amma zaɓin bai tsaya tsakanin gawayi da daskarewa ba. Iyali in suka taru a ƙaramin ɗaki guda, suka toshe ƙasan ƙofa, suka sa tufafi hawa-hawa da hula, suka ci abinci, suka shiga bargo tare, sukan iya kwana ɗaya ko biyu. In abin ya wuce haka, ko akwai tsoho ko jariri ko majiyyacin da numfashinsa ya dogara da na'ura, maganin shi ne a bar gidan, kuma a bar shi da wuri. Sanyi ma maƙaryaci ne. In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, tunani yakan dushe, in ya ƙara sauka karkarwa ta tsaya, mutum ya ji kamar ya samu sauƙi, barci ya riƙa fizgarsa. Wanda ya ce zai jira sai ya ji ba zai iya ba, a lokacin ba shi da sauran hankalin da zai gane hakan. Kwatanta wuraren biyu yana da amfani a nan, duk da ba komai nasu ya zo ɗaya ba. Duhun Kwebek ya fi na Teksas daɗewa nesa ba kusa ba, amma mamatansa ba su kai ko kusa ba. Gidajen Kwebek sun fi riƙe ɗumi, da yawa suna da murhun icce mai bututun hayaƙi, wannan gaskiya ne. Sai dai kuma dubban ɗaruruwan mutane sun bar gidajensu, wasu wajen dangi, wasu makarantu da ɗakunan taro da aka mayar mafaka, soja da 'yan sanda suna bi ƙofa-ƙofa suna fito da masu taurin kai, firimiyan lardin Lucien Bouchard da shugaban kamfanin Hydro-Québec André Caillé kuma suna fitowa kullum suna faɗa wa jama'a inda aka kwana. Mutum ya fi saurin barin gidansa in an gaya masa gaskiya cewa wutar ba gobe za ta dawo ba.

Saura masu cewa duk wannan ɗora wa talaka nauyin da ke kan kamfani da gwamnati ne. A kan Teksas ba ni da abin kare kowa. An yi irin wannan sanyi a 2011, hukumomin tarayya suka ba da shawarar a shirya tashoshin wuta da na gas don hunturu, aka bar abin a matsayin ganin dama, shekara goma bayan nan aka girbi abin da aka shuka. Jihar ba ta ma da dokar da ta wajabta na'urar gano kabon monoksaid a gidaje a lokacin, alhali wannan 'yar na'ura mai batir ita ce hancin da ɗan Adam ba shi da shi. Amma neman haƙƙi a wajen hukuma da sanin abin yi a daren da wuta ta tafi ba kishiyoyi ba ne, kuma wanda ke tsaye gaban tsinkakkiyar waya ba rahoton kwamiti ne zai fitar da shi ba. Masu cewa a binne wayoyi a ƙasa a huta su ma suna da hujja, sai dai kuɗin ya ninka na falwaya sau da yawa, gyara yakan fi daɗewa in ta lalace, kuma a Teksas ta 2021 ba waya ce babbar matsalar ba, wutar ce babu.

Kwebek ta yi abin da ake so hukuma ta yi. Bayan binciken da kwamitin Nicolet ya yi kan bala'in 1998, Hydro-Québec ya ƙarfafa manyan layukansa, ya riƙa dasa turaku masu ƙarfi a tsakanin sauran don in ɗaya ya faɗi kada ya ja jerin gaba ɗaya, ya ƙara hanyoyin da wuta ke bi ta shiga Montiriyal, ya kuma kafa na'ura a Lévis mai tura wuta ta narkar da ƙanƙarar da ke kan layi. Ranar 5 ga Afrilun 2023 ruwan ƙanƙara ya dawo. Manyan turakun suka tsaya daram. Amma rassan itatuwa suka faɗo kan ƙananan wayoyin unguwanni, gidaje da shaguna sama da miliyan guda suka sake shiga duhu, titunan Montiriyal suka cika da wayoyi a ƙasa, asibitoci suka karɓi mutane da dama da suka shaƙi guba. A wani gari da ke yamma da birnin, an tarar da wani dattijo ya rasu a gidansa, janaretarsa tana cikin gareji.